Laba Ɗari da Arba'in

Mahaifina ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa babbar mota tsakanin Kano da Kudu, shanu in zai gangara, goro in zai dawo, kuma bai taɓa yarda da abin da ake rubutawa a jikin mota ba. In an rubuta tan goma, a wurinsa ra'ayin masu ƙera motar ne kawai, su da ba su taɓa bin hanyar ba. Shi da ido yake awo. Zai zagaya motar, ya duba yadda taya ta zauna, ya durƙusa ya leƙa sifirin, ya girgiza bodi da hannu, sannan ya ce a ƙara ko a bari haka. Kuma gaskiya ce, bai taɓa kifar da mota ba.

Ni kuwa da na zo New York sai na faɗa aikin tuƙa motar da ke kai tsofaffi da marasa lafiya asibiti, inda komai da lambarsa a manne, har injin da ke ɗaga keken majinyaci. Wanda ya tsallake lamba, in abu ya faru, shi kaɗai zai amsa, kuma lasisinsa ne zai tafi. Na bi lamba har ta zame mini hali. Matata takan ce da tukunyar miya tana zuwa da takarda, da sai na karanta kafin in sa hannu a tuwo. Ban taɓa musa mata ba. Ina da taurin kai, kuma na san inda na gado shi.

Baba ya zo wurinmu ne bayan rasuwar mahaifiyarmu, da bizar wata shida. Muna hawa na biyar a University Heights, wata unguwa a Bronx, ni da matata da yara uku. Wata biyun farko ina kallon mutum yana yaushi a gabana. In ya yi sallar asuba ya sha koko, sai ya ja kujera bakin taga, yana kallon motocin haya suna wucewa har azahar. Jikokin suna jin Hausarsa, amma da Turanci suke amsa masa, sai hirar ta mutu tun ba ta yi nisa ba. Abu ɗaya ne yake sa fuskarsa ta saki, maganar autarsa, ƙanwata da ke aure a Columbus, can jihar Ohio. Shekara bakwai rabon da ya sa ta a ido, ga shi tana da cikin fari, likita ya hana ta doguwar tafiya. Na ce in saya masa tikitin jirgi, ya ce jirgin da ya kawo shi ya ishe shi, ba zai sake hawa ba sai na komawa gida. A mota yake so ya je, ya ga irin hanyar da Amurkawa suke tuƙi a kai. Sai muka tsayar da cewa in ta haihu za mu je suna gaba ɗayanmu. Domin shi aka shirya tafiyar, kowa a gidan ya san haka.

Abin da ya tsaya mana shi ne masauki. Ƙanwata da mijinta ɗaki ɗaya da falo gare su, ga dangin miji za su zo, ga mu mu shida. Ni kuma dama na daɗe ina sha'awar ɗakunan nan masu taya da nake gani motoci suna ja a babbar hanya, da gado da ɗan kicin da banɗaki a ciki. 'Yan Nijar karaban suke ce masa, mu ma muka ɗauka. Akwai wani mutumin Maraɗi mai gareji a unguwar Stapleton, can ɗaya gefen birnin, yana da fili a baya inda yake tara motocin da ake turawa gida, aka ce mini yana da guda biyu na hannu. Ya kuma yarda in na saya ya riƙa ajiye mini a filinsa, don Bronx ba wurin karaban ba ne. Motar kanta ma sai ka zagaya layi uku kafin ka sami inda za ka tsayar da ita.

Ranar wata Asabar muka je da Baba. Ɗaya babba ne mai taya huɗu, ɗaya ƙarami mai taya biyu. Baba ko kallon ƙaramin bai yi ba. Ya shiga babban, ya zauna a bakin gado, ya danna katifa da tafin hannu, ya ce a nan zai kwanta har Ohio. Na ce masa doka ba ta yarda mutum ya zauna ciki ba in ana tafiya, kowa a mota zai zauna. Ya ce to me aka sa gadon ya yi.

Na ɗauko littafin motar. Motarmu irin ta iyali ce mai kujera bakwai, littafin ya ce tana jan laba dubu uku da ɗari biyar. Da laba ake awo a nan, biyu da 'yar ɗoriya ke yin kilo ɗaya. Mai garejin ya kai ni wurin takardar da ke manne a jikin babban, ya sa yatsa a kan lambar: dubu uku da ɗari huɗu.

"Ka gani, har da saura," in ji shi. "Bon, mi kake jira kuma?"

Na ce masa wannan nauyinsa ne babu komai a ciki, ba ruwa a tanki, ba tukunyar gas, ko matashin kai babu. Kuma a ƙasan shafin littafin, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa dubu uku da ɗari biyar ɗin nan in direba ne da mutum ɗaya a motar. Duk wanda ya ƙaru, shi da jakarsa, daga ciki ake cire su. Ga kuma hancin karaban da ke danna ƙugiyar bayan mota, wajen kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa, wanda shi ma a kan motar yake. A ƙarshe dai lamba ɗaya ce ke yanke hukunci: mota da karaban da mutane da kaya, duka a haɗe, kada su wuce dubu takwas da ɗari shida. In muka ɗauki babban, mu shida muna shiga mota mun wuce, tun ba a saka ko cokali ba.

Baba yana tsaye, hannu a baya, yana saurare. Da na gama sai ya ce shi ya sha haye gadar Jebba da shanun da suka ninka abin da aka rubuta, kuma injin ba ya karanta littafi. Na ce birki ma ba ya karantawa, amma shi ke ƙonewa a gangare, kuma jikokinsa ne a kujerar baya. Na ce nan ba can ba ne, in wani abu ya faru sikeli za su fara ɗora mu, masu inshora su zare hannunsu, ni kuma in rasa lasisin da muke ci da shi. Maganar gaskiya ce, amma da zafi na faɗe ta, kuma a gaban baƙo. Baba ya juya ya koma mota. Muka sayi ƙaramin, muka kamo hanya, har muka haye gada bai buɗe baki ba.

Ribas ne ya shirya mu. Bayan an sa wa motar ƙugiya da wayar birkin karaban, na gwada komawa da baya a filin garejin, na kasa. In na karya dama ya tafi hagu, in na gyara sai ya naɗe kamar zai sumbaci ƙofar motar. Makanikai suka ajiye aiki suna kallo. Baba ya yi haƙuri har sau huɗu, sannan ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce in sauko. Ba shi da lasisin ƙasar, amma cikin fili ne. Ya zauna, ya gyara madubi, ya leƙa sau ɗaya, ya cusa karaban ɗin tsakanin motoci biyu a tafiya guda, bai ko taka birki a tsakani ba. Makanikan suka yi masa tafi. Ya sauko yana karkaɗe riga kamar bai yi komai ba, amma na ga murmushi yana neman ƙwace masa.

Daga nan kowace Asabar muna Stapleton. Ya koya mini in riƙe sitiyari ta ƙasa, inda nake so wutsiyar ta je can zan kai hannuna. Ya koya mini in buɗe kwana, in riƙa tuna cewa akwai wani abu a bayana da bai san na juya ba tukuna. Yana faɗa yana tsaki, yana ce mini hannuna ya yi nauyi kamar na mai daka. Na ji daɗin tsakin nan ƙwarai. Mutumin da yake wuni a bakin taga ya dawo yana tashina da safe yana tambaya ko mun makara. Na ɗauka rigima ta wuce.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne masallaci. Muna da wani ɗan masallaci a layinmu, tsohon shago ne aka shimfiɗa wa darduma, 'yan zangon Kumasi da Accra sun fi yawa, sai 'yan Nijar da mu 'yan tsiraru. Wata Juma'a bayan salla Baba ya ba da labarin cewa ɗansa ya sayi mota mai ɗaki, za mu Ohio suna. Wanda ya san mutanenmu ya san sauran. Mai tafiya ba ya tafiya shi kaɗai, sai da saƙo, kuma ba a tambayarsa ko da hali, kawowa kawai ake yi a ce a gai da su. Columbus kuwa cike take da namu, kusan kowa yana da ɗa ko ƙane a can.

Kafin sati ya zagayo falonmu ya koma tasha. Wata Hajiya mai aikin kula da tsofaffi ta kawo jarkar manja biyu da katan na yaji soyayye irin na Ghana. Wani mai tebur a 125th Street ya kawo dila guda ta shadda, ƙanensa zai buɗe shago. Aka kawo kan keken ɗinki, irin na baƙin ƙarfe, da garin rogo, da gero, da wata tukunyar da za a iya yi wa yaro wanka a ciki. Sai wani dattijo, wanda shi ne babba a masallacin, ya aiko da buhun shinkafa uku a kai wa ɗansa. Baba ne yake karɓa. Ba ya rubuta komai, tsumma yake ɗaura wa kowane kaya, ja na wane, kore na wance, kuma ko a barci ka tashe shi zai faɗa maka na waye da inda za shi. Mutane suna zuwa suna durƙusawa suna ce masa Alhaji direba. Ya fara sa hular da bai sa ba tun zuwansa.

Na same shi a ɗaki na ce Baba a dakata haka nan, kayan sun yi yawa. Ya ce ya auna cikin karaban da taku, akwai wuri har da saura. Na ce ba wuri nake ji ba, nauyi nake ji. Ya ce mutum ya hawo bene biyar da buhu a kafaɗa, da wane baki za a ce masa ya koma da shi. Matata ta yafuto ni ta ce in bar shi, ba ta ga yana cin abinci haka ba tun zuwansa. Na bar shi, na ce a raina sikeli zai raba mu.

Ƙanwata ta haihu ranar Asabar, namiji, amma sai da aka yi mata aiki. Suna ya kama Asabar ta gaba, muka sa tafiya Juma'a da sassafe. Ranar Alhamis na yi sawu biyu ina kai kaya Stapleton, Baba ya wuni yana lodi. Bai bar kowa ya taɓa ba. Masu nauyi a ƙasa, daidai kan taya, marasa nauyi a sama, kowanne ya ɗaure shi da igiya irin ɗaurin da ba ya kwancewa sai ka ja bakinsa. Da ya gama ya zagaya, ya duba taya, ya girgiza, ya ce ko Legas ne za ta je.

Kusa da garejin akwai wurin masu sayen tsohon ƙarfe, suna da sikelin da manyan motoci ke hawa. Na riga na yi magana da su. Da safe muka shiga mota mu shida, tanki cike, na ja muka hau. Baba ya ce ɓata safiya ne. Mai sikelin, wani ƙato mai tauna cingam, ya leƙo ya dubi yadda motar da karaban suka tsaya a miƙe, ya ce wanda ya yi lodin nan ya san aikinsa. Na fassara wa Baba, ya gyara zama. Sannan mutumin ya miƙo takarda. Dubu tara da ɗari uku. Mun wuce da laba ɗari bakwai.

Muka koma filin garejin. Na ce da namu za mu fara. Na zubar da ruwan tankin karaban, in mun isa ma cika. Aka sauke kekunan yara suna ƙunƙuni. Aka sauke ɗan janareta da kujerun naɗewa. Matata ta tsaya ta dubi manyan tukwanen da ta shirya yin girkin suna da su, da katan-katan na lemo, da buhun albasa, ta ce a sauke, za ta ara a can. Har akwatin kayanta ta buɗe ta rage. Baba yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana kallo, bai hana ba, bai taya ba. Kayan saƙo ba wanda ya taɓa.

Muka sake hawa sikelin. Dubu takwas da ɗari bakwai da arba'in. Saura ɗari da arba'in, kuma namu ya ƙare, sai kayan sawa da abincin hanya.

A filin na buɗe ƙofar karaban na nuna buhunan shinkafar nan uku, kowanne laba hamsin. Na ce su za a sauke. Na ce ni da kaina zan kira dattijon in ba shi haƙuri, in ce laifina ne, in kuma nemi yadda za a aika masa da su daga baya.

"Da hannuna na karɓa," in ji Baba. "Na ce masa za su isa ranar Asabar."

Na ce ai zai fahimta.

"Shekara talatin da takwas ban taɓa sauke kayan mutum a hanya ba. Ba a nan zan fara ba."

Ya ce ɗari da arba'in a cikin dubu takwas ko akuya a motar shanu ba ta kai ba. Na san gaskiyarsa. In da ni kaɗai ne a wurin, wataƙila da na rufe ido na ja mota. Amma mai garejin yana tsaye, makanikai suna tsaye, kuma na riga na yi wa kowa wa'azin lamba, na sa matata ta zubar da shirinta na wata guda. Na ce doka ba ta san akuya ba, motar nan ba za ta fita da ko laba ɗaya a sama ba. Mai garejin ya shiga tsakani yana Alhaji ka yi haƙuri, patron ka yi haƙuri, ba wanda ya dube shi. Matata ta ce to ita ta sauka ta bi bas ta same mu. Baba ya ce a'a 'yar nan, mai jego mace take bukata, ba tsoho ba. Sai ya juyo gare ni.

"Ranar da ka kai ni asibiti, nawa matar nan mai awo ta ce nauyina?"

Na sani, ɗari da arba'in da biyu ne. Ya buɗe ƙofar gaba, ya ɗauki 'yar jakarsa da butarsa da dardumarsa, ya koma kan tayar nan ya zauna.

Ni na ɗauka barazana ce, in ya ga na tayar da mota zai ce a sauke shinkafar. Yanzu na gane shi ma jira yake in ce Baba taso mu tafi haka. Na zauna a mota injin yana aiki, ya fi minti goma. Babbar 'yata ta ce da Turanci, a hankali, Daddy ka ɗauke shi mana. Matata ta ce in ji tsoron Allah in sauka in roƙe shi. Na ce ba ni na sauke shi ba. Raina ya riga ya ɓaci, kuma in raina ya ɓaci ba na jin kira.

Na sa giya na fara tafiya a hankali zuwa ƙofar filin, idona a madubi. Sai na ga ya miƙe yana tahowa. Wallahi sanyi na ji har cikin ƙirjina, na taka birki ina shirin buɗe masa. Bai zo ƙofar motar ba. Gefen karaban ya tsaya, inda wutsiyar ta kusa gogar ƙarfen ƙofa, ya ɗaga hannu yana nuna mini in ƙara buɗewa hagu, kaɗan, kaɗan, miƙe. Da muka fita sarai sai ya bugi jikin karaban sau biyu da tafin hannu, yadda ake yi a tasha in mota ta gama lodi. Na ja na tafi.

Mai garejin ne ya mayar da shi Bronx, maƙwabciyarmu ta riƙa kai masa abinci. Mu kuwa tafiya ta yi lafiya lau, abin haushi. Motar ta hau tsaunukan Pennsylvania ba ta yi zafi ba, ta gangara birki bai yi wari ba, manyan motoci suna wuce mu karaban ko kaɗawa bai yi ba, don lodin na gwani ne. Fushina ya kai ni har tsakiyar tsaunukan, daga nan ya ƙare, ya bar ni da kunya. Duk inda hanya ta yi wani lanƙwasa mai kyau, ko muka wuce wata tirela mai tsawon gaske, sai in juya gefen dama in yi magana, in tarar da matata ce a kujerar.

Mun isa dab da magariba. Ƙanwata ta fito har bakin ƙofa tana dafa bango, abin da aka hana ta. Tana kallo muna fitowa ɗaya bayan ɗaya, da na ƙarshe ya fito ta ci gaba da kallon motar. Sannan ta dubi karaban, ko yana ciki. Na ce ƙafarsa ce ta tashi da safe, likita ya ce kada ya yi dogon zama. Ƙaryar ta fito mini da sauƙi har na ji tsoron kaina. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta juya ciki, matata ta bi ta. Daga waje ina jin kukanta.

Washegari aka raɗa wa yaro sunan Baba. Aka kira shi a waya ta bidiyo, aka nuna masa jaririn, ya yi addu'a mai tsawo. Ƙanwata ta tambaye shi ƙafa, ya ce da sauƙi. Bai tona ni ba. Da aka miƙo mini wayar abu ɗaya ya tambaya, ko an fara raba saƙo.

Ranar Lahadi na bi gida-gida da mijin ƙanwata. Shinkafar ce ta ƙarshe. Ɗan dattijon, wani mai fara'a da ke aiki a wurin ajiyar kaya, ya sauko ya ga buhunan ya kama dariya.

"Allah sarki tsoho. Ai ga shagon da muke sayen irinta can bayan gidan nan, ko mota ba ma hawa."

Na dubi inda ya nuna. Shagon yana nan, a buɗe, buhunan a jere a bakin ƙofa, iri ɗaya har zanen da ke jiki. Da na bar ukun nan a Stapleton na sayi wasu a nan na miƙa masa, ba wanda zai san bambanci. Ban sani ba ko Baba zai yarda da hakan, amma ko kawo shawarar ban yi ba, don a safiyar nan daga ni har shi ba wanda yake tunanin shinkafa. Mutumin ya ce bari ya kira a taya ni ɗauka, na ce ya bari. Ni na hau da su bene na uku, ɗaya bayan ɗaya.

Har yau in zan ja karaban sai na hau sikeli, kuma ba na jin na yi kuskure a kan lambar. Kuskurena a wani wurin yake. Na ga abin da lodin nan ya zame wa Baba, na bari har ya gama ɗaure igiyarsa, sannan na kai shi gaban mutane in nuna masa takarda. Ina so in yi nasara a kansa, kuma na yi.

Da muka dawo na same shi a bakin taga. Ya bi saƙon ɗaya bayan ɗaya, jan tsumma, kore, mai ɗigo-ɗigo, ina cewa ya isa. Ya tambayi yadda motar ta yi a hawa, na ce lafiya, lodin bai motsa ba ko kaɗan. Ya gyaɗa kai. Maganar shagon ban yi masa ita ba. Na durƙusa na ce Baba ka yafe mini, ya ce ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Sai na ce Asabar mai zuwa mu koma, ni da shi kawai, ba karaban ba kaya, mu kwana ɗaya ya ga takwaransa mu dawo. Bai ɗauke ido daga titi ba ya ce:

"Motar za ta iya ɗaukata?"

Na dubi fuskarsa ko zolaya ce. Ba zolaya ba ce, ba kuma faɗa ba ne. Na ce Baba don Allah. Ya ce in bar shi, an riga an yi suna.

Na sake roƙonsa sau biyu, matata ma ta roƙe shi, ya ce sai wani zuwan. Bayan sati uku bizarsa ta ƙare, na kai shi filin jirgi. Ƙanwata ba ta warke ba balle ta zo sallama, kuma wani zuwan bai yiwu ba, don shekara ta gaba ƙafar ta tashi da gaske. Yaron ya girma yana gaishe da kakansa a waya, da Turanci. Ƙanwata ba ta taɓa tambayata abin da ya faru a safiyar nan ba, ni ma ban taɓa gaya mata cewa buhun shinkafa uku na kai Columbus a madadin mahaifinta ba.